Dokar Ranar Laraba

A Leeds, hawa na uku, ɗaki mai taga ɗaya,
mu goma sha biyu muke zagaye tebur kowace Laraba.
Doka ɗaya ce: ranar da aka ɗauko labarinka
bakinka alekum.
Za a juya ka, a cuɗa, a ɗauraye,
kai kuwa gawa ne a hannun mai wanka.

Yau ni ce gawar.

Shafi bakwai na kawo, cikin Turancin da na goge
har ya yi ƙyalli kamar kwanon silba:
uwa da ɗanta na fari a tashar motar Funtuwa.
Zai yi tafiya mai nisa, ba ta rungume shi ba,
ko sunansa ba ta kama ba.
"Wannan yaron," ta ce da direba,
"sa shi gefen taga, mota na tayar masa da zuciya."

Callum ya fara, yana taunar murfin biro:
uwar nan ƙanƙara ce.
Niamh ta ce a'a, akwai miki a ɓoye,
ƙila tun farko ba ta so cikinsa ba.
Wani ya nemi a ƙara shafi, a faɗi laifin yaron.
Dakta Hargreaves ta ja jan layi ƙarƙashin "wannan yaron",
ta rubuta a gefe: Don me? Nuna mana.

Na haɗiye yawu. Hita na ƙugi a jikin bango.
Alkunya ta zo min har kan harshe.
Na zazzage akwatunan da na tara shekara biyu,
baitoci masu ƙafa biyar-biyar,
littattafan nan masu kaurin bulo
da ake mutuwa da tarin fuka a babi na arba'in,
ban sami rigar da za ta shige ta ba.

A bas ɗin komawa gida ruwa na zane gilashi.
Na tuna Baba ranar da takarda ta iso:
"Turanci kuma? Ki haye teku,
ki biya Bature kuɗin gona biyu
don ki koyi tatsuniya da yarensa?"
Ya yi dariya har da tari. Amma ya sayar da gonar.

Ƙarfe tara waya ta yi ƙara, ina tsaka da dafa taliya.
Inna ce.
"Ke," ta ce. "Kin ci abinci?"
Shekara ashirin da ɗaya ke nan ina amsa sunan Ke.
Ƙannena ana kwaɗa musu kira daga soro har bayan gida,
Lantana! Sagiru! Ummita!
Ni kuwa nawa sunan tana ajiye da shi
can inda take ajiye 'yan kunnen gwal,
ba a fito da su don zuwa cefane.
"An ce da sanyi garin. Ki riƙa sa safa biyu."
Kati ya ƙare.

Na zauna gaban kwamfuta, taliya ta kama ƙasan tukunya.
Na fara sharhi a ƙasan shafi: A al'adarmu...
Na goge.
Ba zan sa uwata a gilashi da 'yar takarda a ƙasa ba.

Sai na mayar da su tasha.
Na bar bakinta yadda yake, a rufe.
Na sa motar ta tashi, ta sha kwana, ta ɓace,
masu rakiya suka watse, mai rake ya kwashe ɓawo,
ita tana nan tsaye har aka kira la'asar.
A Zariya yaron ya cire takalmi don alwala,
ya sami kuɗin adashinta a naɗe cikin safa.

Laraba mai zuwa Callum ne gawa.
Na karanta nasa sau uku: wani uba ne
da ba ya magana sai ta ƙwallo da farashin fetur.
Na ɗauki biro zan rubuta "ƙanƙara" a gefe,
sai na tsaya,
na koma shafin farko.