Ƙarfe Tara a Gadarif

Ƙarfe tara, wayarki tana ta ƙara,
magani na jira a gwangwanin shayi,
ke kuwa, Tasalla, kin yi nisa.
Aragin dabino ya riga shi shiga.

Dare uku ke nan.
Ƙwayar cutar ba ta maye, ba ta mantuwa,
a farke take kwana.

Likita ya danna ƙasan haƙarƙarinki,
kika cije leɓe.
Hanta ce, in ji shi,
jaki ɗaya, kaya biyu.

Kin ce tun yankan riɗin bara
mai aragi kaɗai ce
ba ta ware miki kofi ba.
Na ji. Na rasa amsa.

Ga kisira da ɗumi, ga ruwa.
Kofina ne.
Haɗiye, ki miƙo min saura.