Falonmu na Aboabo

Fuseina ta dawo daga Akra
da waya cike da ɗakunan mutanen da ba ta sani ba.
Ta tsaya tsakar falo, hannu a ƙugu,
ta ce, "Baba, ɗakin nan ya ƙoshi har yana gyatsa."

Na duba. Ba ta yi ƙarya ba.
Kabad ɗin uwarta ya cinye bango guda,
kwanukan samira hawa kan hawa,
masu jan fure, ba su taɓa ganin tuwo ba.
Kalandar wani mai sayar da taya a Suame,
shekara bakwai da ƙarewa, tana nan tana aiki.
Furen roba ya tsufa, abin da aka ce ba ya yi.
Taga ɗaya, labule uku.

Yayin bana, in ji ta, sarari ne.
A rage kaya, bango ya sha iska.
Shuɗin nan na asibiti ya tafi,
a kawo launin koko da aka zuba wa madara,
ko na sabuwar tukunya kafin ta san wuta.
Kujeru na kaba, marasa nauyi,
matashi biyu da ɗan yankin kente a gefe.
Fitila kuwa a ɓoye ta cikin silin,
haske ya riƙa zubowa ba ka ga idonsa ba.
Na ce, ranar da aka ɗauke wuta fa?
Ta ce, "Baba."
Na yi shiru.

Ta sayo wani tsiro mai ganye kamar takobi,
sidi tamanin, har da tukunyarsa.
Na san shi.
Yana fitowa kyauta bayan gidanmu a Salaga,
akuya ma ba ta kula shi.
Yanzu yana da kusurwa tasa, kamar baƙon da ya zo daga nesa.

Ranar Asabar Kwaku Boadu mai fenti ya iso,
shi da yaronsa da rediyonsa.
Mutum huɗu suka ja kabad,
ya tafi yana kuka a kan siminti.

A bayansa, inda rana ba ta taɓa leƙawa ba,
shuɗin yana nan ɗanye shar,
a jikinsa kuma rubutun fensir, ajami, ƙanana,
yana gangarowa hagu kamar tafiyar mai shi
in ta ɗauko ruwa.
Adashin matan layinmu ne.
Ayishetu mai waake, ta biya.
Maman Seidu, saura biyu.
Adiza, an ɗaga mata, mijinta na kwance.
A can ƙasa, layi ɗaya shi kaɗai:
kwasata ta wannan wata, kuɗin makarantar Fuseina.

Kwaku ya tsoma abin shafarsa, ya ɗaga hannu.
Fentin yana ɗiga a ƙasa, ɗis, ɗis.
Ba ta ce masa komai ba,
hannun rigarsa kawai ta riƙe.

Yanzu falon ya yi fili, ba musu.
Murya tana dawo maka in ka yi sallama.
Kwandunan Bolga uku na rataye a bango,
ta sayo su Kejetia da tsada,
irin waɗanda Azumi ke zuba wa albasa.
Kwanukan suna ɗakin baya cikin buhu,
ban da guda, mai tabo a baki,
da nake ajiye makullai ciki.

Bango uku da rabi launin koko da madara.
A rabin da ya rage, shuɗi faɗin dardumar salla,
ba firam, ba gilashi.

Jiya Malam Issaka ya shigo, ya daɗe yana kallo,
ya ce, "Wannan ma yayin Akra ne?"
Na ce masa e.
Na zuba masa shayi.