Layin da Aka Sa wa Tauraro

Ƙarfe biyu saura kwata babbar na'ura ta faɗi.
Ba ƙara, ba hayaƙi,
sai dai ta juye duk abin da ke cikinta a faifai,
kamar mai tallan gero da babur ya bangaje a Kasuwar Barci.
Gobe ne biyan fansho.
Ruwa na dukan kwanon ofis, Kakuri ta yi tsit,
janareta kaɗai ke tari a bayan gini.

Na kira manhajar bincike ta karanto mini juyen.
Ita kuwa ba ta san taƙaitawa ba:
ka tambaye ta hanyar Kawo, ta faro maka daga Kafanchan.
Shafi dubu goma sha ɗaya,
sifili na bin sifili
kamar tagogin masaƙar nan da aka rufe.

Sai na buɗe fayil ɗin umarni,
nan ake ɗaura mata linzami.
Layi ɗaya, magana ɗaya:
wannan yanki ki kira shi da suna kaza,
wancan jadawali ki jera shi huɗu-huɗu,
ki fara daga inda numfashi ya tsaya, ki yi baya-baya,
kar ki kawo mini abin da ban aike ki ba.
Waƙafi ɗaya ya kuɓuce, ta ɗauke kai kamar ba ta san ni ba.
Harafi ya zame gurbi na saba'in da biyu,
ta zaci da sauran zance, ta yi tsaye tana jira.

Rabin layukan nan ba nawa ba ne.
Na Baba Dogara Kantiyok ne, wanda ya koya mini aikin
yana tauna aya, tabarau a kan karan hanci.
Shekara shida da ajiye aikinsa,
yana Barnawa yana kiwon talo-talo.
Amma ga muryarsa a gefen umarni:
"Ladidi, kar ki taɓa wannan."
"An gyara ranar da Kyauta ta haihu."
"Ban san dalili ba, amma yana aiki."

Duk layin da aka sa wa tauraro a goshi
na'ura tsallake shi take yi.
Yana nan, ana ganinsa, ba ya magana.
Can ƙasa na tarar da guda,
mai cewa a nuna ma'ajiyar ƙidayar sunaye,
da tauraronsa, da ɗan bayanin Baba:
"Nan lafiya lau, ɓarnar takarda ce kawai."
Shekara goma sha tara ke nan.

Na daɗe yatsana na kan maɓalli.
Ba wuya ba ce goge tauraro,
nauyin mai shi ne.

Na goge.

Shafi dubu goma sha ɗaya suka koma rabin allo.
Ga ta nan ƙuru-ƙuru:
gurbin lamba biyar aka gina wa ƙidaya,
daren nan kuwa mutum na dubu ɗari ya ƙwanƙwasa ƙofa.
Na duba sunan. Asabe Tagwai,
mai shara a asibitin Kachia, shekara talatin da biyar.
Ba ta san ta kayar da giwa ba,
tana can tana barci.

Na faɗaɗa gurbin, na ta da na'ura,
fitilunta suka koma kore ɗaya bayan ɗaya.
Bayanin Baba ban share ba,
na rubuta nawa a ƙarƙashi:
"Gaskiyarka ce a lokacin. Mun dai yi yawa."

Ruwa ya tsagaita. Mai shayin bakin ƙofa ya fara hura wuta.
Kafin in rufe fayil na ƙirga taurarin da ni na sa da hannuna.
Bakwai ne.
Na bar su tukuna, barci nake ji.