Hannun Kawu Nomau

Shekara talatin da ɗaya tana kwance
bayan rumbu, a gindin marke,
a ƙauyenmu mai shan ruwan Bakolori.
Kaji sun yi ƙwai a maƙogwaronta,
zanzaro ya yi gini a haƙarƙarinta.
Injin karyar masara ce, amma Kada muke ce mata
saboda dogon bakin nan.

Ranar da na fara, ban shawarci kowa ba.
Kawu Nomau ya tarar da ni da kwanon kananzir da tsumma.
Ya daɗe tsaye, hannu a aljihu,
ya ce, "Ta ci sau ɗaya, kuma ba ta ƙoshi ba."

Noti na farko ya cinye mini yini.
Na jiƙa shi, na lallashe shi, na zage shi,
sai bayan la'asar ya yi kukan tsohon ƙyaure, ya saki.
Boris huɗu sun mutu.
Uku na samo a Gusau wajen 'yan gwangwan,
na huɗun a kasuwar Mafara ranar Talata,
cikin hanjin wani injin niƙa.
Sarƙa ta zubar da haƙori tara;
Bawa maƙeri ya juya na goma a tafinsa,
ya taɓa zuga-zugi, ya haifa masa 'yan'uwa.
Lauwali mai walda ya ɗinke mata ƙugu,
ya ce ladansa tiya biyar in ta tashi,
in ba ta tashi ba, dariya ta ishe shi.

Abu ɗaya ya ɓata tun ina goye:
murfin sandar da ke juyo ƙarfi daga tarakta.
Na ce a bar shi, ai ko tsirara tana aiki.
Kawu ya zaro hannun dama
ya ɗora kan ƙarfen:
babban yatsa, ƙaramin yatsa,
tsakaninsu fili.
"Kara ya cushe, hadari ya haɗo daga gabas.
Na ce bari in ja guda ɗaya.
Karan ya ja ni."
Washegari muka tsaga tsohon duro, muka yi mata sutura.

Masara ta bushe, gemunta ya yi baƙi.
Muka ɗaura Kada a kafaɗar tarakta.
Kawu ya sa na tuɓe riga mai faɗi,
na cusa tazuge ciki,
ya kora Tumba da ƙannenta can hayin kwalbati,
ya ja layi da ƙafa, ya ce nan duniyarsu ta ƙare.

Ta yi tari, ta yi atishawar tsatsa,
sannan ta sunkuya ta shiga kunya.
Goyo bayan goyo yana faɗawa tirela,
kamar ana dakan sakwara a gida uku.
Lauwali ya daina dariya.

A kunya ta bakwai ta shaƙe.
Na diro. Wallahi hannuna ya riga hankalina;
kara ɗaya ne, ga shi nan, yana kaɗa mini kai.
"Kai!"
Muryar ta tsaga gonar har bakin ruwa.

Na koma na kashe.
Na zare makulli, na jefa aljihu.
Ko a mace sarƙar ba ta bar motsi ba,
kamar wutsiyar ƙadangare da aka datse.
Muka tsaya muna kallo har ta yi sanyi,
sannan ya miƙo mini sandar geza,
wadda ya yanko tun asuba bai faɗa mini ba.

Da magariba Lauwali ya auna tiyarsa, har da gyara.
Kawu ya ɗauki goyo guda,
ya ɓare shi da yatsu biyun, sannu, kamar yadda ya saba,
ya ciji ƙwaya, ya tofar.
Bai yaba mini ba, bai yaba mata ba.
Ya ce, "Kawo makullin.
A wurina zai riƙa kwana."