Juya Fatar

Babana dillalin fata ne a kasuwar Maraɗi,
shekara arba'in yana sayen kirgin jar akuya.
Bai taɓa yarda da gefen gashi ba.
Sai ya juya, ya shinshina, ya ɗaga wa rana,
ya ce: Sahiya, inda wuƙa ta yi ha'inci
ba ya kallon mai saye.

Yau shi ne kwance a Bagalam,
ɓarin dama ya yi tafiya ya bar shi da hagu,
ni kuma aiki ya ɗaure ni a Yamai,
sai ƙarshen wata nake hawo mota.

Mai jinya ta farko ta zo da farar riga
da takarda mai hatimi biyu a cikin leda.
Kullum a waya: ya ci, ya sha, ya yi barci.
Na iso na tarar ɗaki na tashin turaren wuta,
zanin gado sabo, an taje masa gemu.
Saura kaɗan in yi godiya.
Sai hannuna ya tuna abin da kaina ya manta,
na juya shi.

A ƙugu, gyambo faɗin bakin kofin shayi.
Dugadugai sun yi baƙi.
Ƙwayar hawan jini, talatin na bari,
wata ya cika, sha tara na kallona.
Bayan ƙofa, cikin gwangwanin tumatir,
allura guda, an ɗauraye ta, tana jiran gobe.

Ban ɗaga murya ba.
Na ƙirga mata jikkunanta, na riƙe mata labule.
Baba yana kallon azara, yawu na bin gemun da aka taje.

Cima ta zo da silifa da tsohon mayafi,
wani majo mai ritaya ne ya turo ta.
Kafin in tambaye ta, ita ta tambaye ni:
Yana ƙwarewa in ya sha ruwa?
Ina sabulu? Wa zan kira in dare ya raba?
Ta naɗe dardumar bakin ƙofa, ta ce wannan za ta kayar da mu.
Na ce, kina allura?
Ta ce, a'a, ba sanina ba ne, a kira mai shi.
Wannan a'ar na saya.

Duk da haka ban saki jiki ba,
wanda maciji ya sara, igiya ma abin tsoro ce.
Na daina faɗin ranar zuwana.
Wata Laraba mota ta sauke ni ƙarfe biyun dare,
an ɗauke wuta, unguwa tsit sai karnuka.
Na leƙa:
fitilar waya a haƙoranta,
hannu ɗaya a kafaɗarsa, ɗaya a ƙugu,
tana ce masa, Baba, bismilla, mu koma hagu.
A kan taga, littafin ƴan makaranta,
layi-layi da rubutun da bai miƙe ba:
sha biyu, dama. Biyu, hagu. Ya ƙi kunu. Fitsari ja.

Gyambon bai rufe ba tukuna, amma ya daina wari.

Da safe ta ce, Hajiya, kar ki ji haushi,
safar hannu ta ƙare tun Talatar waccan,
kuɗina kuma sau biyu ke nan yana kwana goma a hanya,
ni ma na bar ƴaƴa uku a Sura Bildi.
Na tsaya da butar shayi a hannu.
Ashe ni ma ina da gefen da ba na nuna wa rana.

Baba ya miƙo hagunsa a hankali,
ya kama tsintsiyar hannunta,
ya juya tafin, ya duba kantar, ya duba farce,
ya kai hanci.
Sai ya gyaɗa kai sau ɗaya,
irin wanda na sani tun ina ƙarama a bayan rumfarsa,
in zai biya ba tayi.