Toka a Kan Garwashi

Ƙarfe uku na dare a asibitin Coimbra,
ruwa na dukan taga kamar mai bin bashi.
Babana Anselmo yana kwance,
hannunsa na dama ya daina amsa kira.
Shekara arba'in da ɗaya hannun nan na cuɗa fulawa
tun zakara bai buɗe baki ba.
Jiya ya saki ƙullin burodi ya faɗi ƙasa,
baki ya karkace,
sunana ya maƙale masa a hanya.

Ni ce 'yarsa mai farar riga,
mai yanka ƙwaƙwalwar ɓera siriri-siriri
a ɗakin bincike can saman tudu.
Shekara tara ina bin sawun abu guda:
adenosin.

Wata asuba a bakin tanda ya ce da ni,
"Wai Graciete, mene ne shi?"
Na ce, "Baba, toka ce.
Kowace ƙwayar da ke cikin kanka murhu ce,
tana cin itacenta dare da rana,
abin da ya saura bayan ci, shi ke nan.
Tun safe take taruwa kaɗan-kaɗan,
kafin dare ta yi tudu,
ta danne fatar ido,
ta ce wa jiki ya isa haka."
Ya ɗaga ɗan kofin gahawarsa. "To wannan fa?"
Na ce, "Wannan ba ya kwashe tokar,
ƙofa kawai yake tarewa don kar ta yi sallama."
Ya yi dariya har fulawa ta tashi daga gashin bakinsa:
"Ashe baƙuwa na bari a waje tun ina saurayi."

Jiya ba ta nemi izini ba.
Da gudan jini ya toshe hanya,
unguwa guda a kansa ta rasa iska da abinci.
Ƙwayoyin da yunwa ta kama ba sa yin shiru,
ihu suke yi wa juna,
kuma ihun ne ke ƙarasa su.
Nan tokar ta ɓalle kamar ambaliya,
tana bi gida-gida:
ke, sassauta murya,
ke, rage wuta,
kwanta, kar ki ƙone abin da ya rage miki.
Ta roƙi ƙananan hanyoyin jini su ƙara faɗi
ko ɗigo zai lallaɓo ta bayan gida.

Ba zan yi mata kirarin da ya wuce ta ba.
Zuma ce, ga zaƙi ga harbi.
Ta wata ƙofa tana lallashi,
ta wata kuma, in ta daɗe, kumburi take zugawa.
Na ƙirga wannan a ɓeraye ɗari uku,
na zana shi a allo, an tafa mini.
Yau ga ƙoshi ga kwanan yunwa:
na san sunan kowace ƙofa,
ba ni da mabuɗin ko ɗaya.

Shi kuwa ya san abin tun ban iya tafiya ba.
In zai rufe shago ba ya kashe wuta,
toka yake janyowa ya lulluɓe garwashi,
da asuba ya tona ya tarar da ja.

Likita ta ce tsakiyar ta tafi,
gefen ne ake kokawa a kansa.
Gefen nake wa addu'a.

Gahawata ta huce a hannuna, kofi na biyar.
Nas Deolinda ta zare shi ba ta ce komai ba,
ta yafa mini bargo.
Idona na rufewa na hango
babban yatsansa, na daman,
yana danna gefen zanin gado,
ya saki,
ya sake dannawa,
kamar mai duba ko ƙulli ya tashi.