Wutar Da Ba Ta Ƙuna

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran rediyo
a rumfar da ke kallon kasuwar Dole.
Na san ƙaurin dalma, na san kukan waya in ta gaji,
na ɗauka babu wutar da ban gaisa da ita ba.

Sai ga Sa'ade, ɗiyar ƙanena, ran Alhamis,
ta sauka daga kabu-kabu da abu ƙunshe a gyale:
bututun gilashi, siriri kamar tsinken tsire,
da zoben tagulla a wuyansa.
Ta ce, "Baba, naɗa mini waya, sau ɗari huɗu.
Hannuna rawa yake, naka ba ya yi."

Na naɗa. Ban tambaya ba.
Wanda ya yi tambaya shi ke ɓata lissafi.

Bayan kwana tara ta kai ni ɗakin aikinsu,
aka sa ni cire takalmi kamar zan shiga masallaci,
aka ba ni farar riga wadda ba ta kai mini gwiwa ba.
Ta murɗa bakin tulun gas, ya yi tsaki,
ta taɓa maɓalli,
sai wani harshe ya leƙo daga bakin bututun,
shuni-shuni, kamar yatsan marini,
tsawonsa bai wuce ƙwayar shinkafa biyu ba.

"Sa hannu," in ji ta.
Ni da kuran ya taɓa jefarwa har bakin kwata!
Na sa.
Sanyi. Kamar jariri na hura maka iska a tafi.
"Sunanta filasma."
Na ce sunan ya fi ta girma.

A cikin akwatin ɗumi tana kiwon abin da ba a gani,
faifan gilashi shida, da ruwa kamar zoɓon da aka tsarma,
ƙwayoyin fata, wai, suna ci, suna haihuwa,
ba makiyayi, ba rijiya.
A garin da muke bin mai garuwa da roƙo
su ana sauya musu ruwa kowace safiya.

Da tsinke take tsaga su, ta yi musu rauni da gangan,
ta kawo harshen nan kansu, tana ƙirga da leɓe.
Daƙiƙa talatin: gobe gaɓa ta kusanci gaɓa,
kamar ƴan'uwa da suka gaji da gaba.
Daƙiƙa casa'in: makabarta.
Wuta ɗaya, hannu ɗaya,
abin da ya raba su bai kai tsawon alwala ba.

Na leƙa ta madubin. Na ga duwatsun Birni
an ƙanƙantar da su, sun jeru kafaɗa da kafaɗa,
da lungu ɗaya a tsakani, yana ƙara matsewa.

Sai na tuna ƙafar Barma maƙeri,
gyambon da ya ci damina uku,
ya ci akuya biyu da keken ɗinkin matarsa.
Na ce, "Mu kai masa mana."

Ta daɗe ba ta ce komai ba.
"Faifai ba ƙafa ba ne, Baba.
Da saura. Wataƙila da sauran shekaru.
Wataƙila ma a'a."
Ta rubuta wata lamba a littafi, ta soke, ta sake rubutawa.

Daren nan kuran ya ɗauke.
Ta bugo waya, muryarta a tsinke: akwatin zai huce.
Na kwance batirin babur ɗin maƙwabci,
na ɗora a ka, na bi ta Zango cikin duhu,
tsoho da furfura, yana gudu
don kada sanyi ya kama abin da bai san da shi ba.

Da asuba na biya ta ƙofar Barma.
Yana zaune, ƙafar a kan turmi, yana korar ƙuda.
Ya ce, "Daga ina?"
Na ce, "Daga wajen kiwo."